MAYAR DA SHARA WUTAR LANTARKI A TSIBIRAN YAWON BUƊE IDO

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a wata dabara da waɗansu ƙasashe suke bi wajen rabuwa da shara, watau ƙona ta cikin ma'aikata ta musamman a sami wutar lantarki daga zafinta. Mun zaɓi tsibiran da baƙi suke zuwa yawon buɗe ido ne don kuwa a can matsalar shara ta fi tsanani, a can ne kuma aka fi ganin amfanin wannan dabara da haɗarinta a fili. Za a bayyana dalilin da ya sa shara ta dami tsibirai, da yadda ake ƙona ta, da wuraren da aka gwada, da sharuɗɗan da tilas a cika kafin a ci moriyar aikin.

ME YA SA SHARA TA FI DAMUN TSIBIRAI?

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Idan jujin wani gari da ke kan tudu ya cika, hukuma takan nemi wani fili a bayan gari ta buɗe sabo. Mutanen tsibiri kuwa ba su da wannan sauƙi, domin da zarar sun matsa gaba kaɗan sai teku.

Akwai abubuwa huɗu da suke ƙara wa matsalar nauyi:

1. Ƙarancin fili. Duk ƙasar da aka ba juji an hana ta ke nan ga gida, ko gona, ko masaukin baƙi.

2. Yawan baƙi. Ƙasar Maldibs da ke Tekun Indiya mutanenta kimanin rabin miliyan ne, amma a shekarar 2019 ta karɓi baƙi miliyan 1.7, a shekarar 2024 kuwa suka haura miliyan 2. Baƙon da ke masauki yakan tara shara fiye da ɗan gari, saboda ruwan roba yake sha, abincinsa kuma cikin gwangwani da kwali da leda yake zuwa.

3. Shigo da kaya. Kusan duk abin da ake ci ko ake sha a irin waɗannan tsibirai jirgi ne yake kawo shi a ƙunshe. Kayan sukan ƙare, ƙunshin kuwa ya zauna, don mayar da shi inda ya fito yana da tsada.

4. Tsadar wuta. Yawancin ƙananan tsibirai da man dizal suke tayar da injunan lantarkinsu, shi ma kuma jirgin ruwa ne yake kawo shi daga nesa.

Bugu da ƙari, abin da baƙo ya biya kuɗi ya zo gani shi ne farin yashi da ruwa garau. Ranar da ya tarar da leda tana yawo a bakin teku, ko hayaƙin juji ya turnuƙe masaukinsa, ba zai komo ba, kuma zai gaya wa wasu. A watan Afrilu na shekarar 2018 gwamnatin Filifin ta rufe tsibirin Boracay har wata shida saboda ƙazantar da ta ɓata ruwansa. A tsawon wannan lokaci masu masauki, da masu kwale-kwale, da masu sayar da abinci, duk suka rasa hanyar samun abincinsu. Ashe dai a tsibirin baƙi maganar shara maganar tuwo ce.

ILLAR JIBGE SHARA DA ƘONA TA A FILI

Idan aka jibge shara ta daɗe, ragowar abinci da ganyaye sukan ruɓe a ƙarƙashi inda iska ba ta shiga, sai su fitar da wata iskar gas mai kama wuta, wadda ake kira metan. Ita ce take sa juji ya yi ta cin wuta wata da watanni ba wanda ya kunna. Masana sun auna cewa cikin shekara 100 wannan iska ta fi hayaƙin gawayi ɗumama duniya wajen sau 28. Ruwan sama kuma yakan ratsa jujin ya fito baƙi ƙirin, ya gangara cikin rijiyoyi ko teku, ya kashe kifi da murjani.

Ƙona shara a fili kuwa ya fi wannan muni. Wutar juji ba ta da isasshen zafi, saboda haka roba da leda ba sa ƙonewa sarai, sai su fitar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da dafi iri iri. Mafi sharri cikinsu shi ne wanda ake kira dayoksin, wanda yake taruwa a jikin mutum da dabba, kuma an tabbatar yana jawo ciwon daji. Lalle ne mai karatu ya riƙe wannan bambanci: ƙona shara a fili daban, ƙona ta a ma'aikatar da aka gina don haka daban.

YADDA MA'AIKATAR TAKE AIKI

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1874 aka gina tanderun ƙona shara na farko a garin Nottingham na Ingila. Abin da ya sauya tun daga lokacin shi ne yadda ake cin moriyar zafin, da yadda ake tace hayaƙin. Ga yadda aikin yake tafiya daki daki:

Na farko, motocin shara sukan hau sikeli a auna su, sa'an nan su juye kayansu cikin wani babban rami na kankare da ke cikin rufaffen gini. Daga cikin wannan gini ake zuƙo iskar da ake hura wutar da ita, don haka wari ba ya fita waje.

Na biyu, wata babbar ƙugiya takan cakuɗa sharar, ta haɗa jiƙaƙƙiya da busasshiya, sa'an nan ta ɗiba ta zuba a bakin tanderu.

Na uku, sharar takan gangara a hankali bisa wani gadon ƙarfe mai motsi, tana bushewa, tana kamawa, har ta zama toka. Dokar Tarayyar Turai ta ce tilas hayaƙin ya kai zafin digiri 850 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma daɗe a wannan zafi aƙalla daƙiƙa biyu, domin a nan ne dafin yake ƙonewa. Don a gane tsananin wannan zafi, sai a tuna ruwa yana tafasa ne a digiri 100.

Na huɗu, zafin yakan tafasa ruwan da ke cikin bututai kewaye da tanderun ya zama tururi mai ƙarfi. Tururin ya juya wata babbar farfela, farfelar ta juya janareto, janareto ya ba da wutar lantarki. Kusan haka tashar da take aiki da kwal take yi, sai dai a nan shara ce makamashin.

Na biyar, kafin hayaƙi ya fita sai an wanke shi. Akan fesa masa garin farar ƙasa don ya kashe tsaminsa, a fesa masa wani garin gawayi na musamman wanda yake kama dafi da ƙarafa masu guba, sa'an nan a bi da shi ta cikin ɗaruruwan jakunkunan tacewa masu tsare ƙura. Wannan sashe yakan ci kaso mai yawa na kuɗin ginin, kuma shi ne sashen da ba a yi masa rowa.

Na shida, tokar da ta faɗo ƙasa akan sanyaya ta, a sa maganaɗisu ya tsince baƙin ƙarfen da ke ciki a sayar wa masu narkarwa.

Idan aiki ya tafi daidai, girman tulin shara yakan ragu da kashi 90 cikin 100. Watau mota goma ta shiga da shara, mota ɗaya ta fito da toka. Tan ɗaya na shara mai kyawun ci yakan ba da wuta kimanin kilowat-awa 500. Kilowat-awa ɗaya kuwa shi ne wutar da ƙwai mai wat 100 yake sha cikin awa goma.

WATA HANYA TA DABAM: RUƁAR DA RAGOWAR ABINCI

Ba kowace shara ce ta dace da wuta ba. Ragowar abincin masaukai, da ɓawon 'ya'yan itace, da cikin kifi, yawancinsu ruwa ne, kuma sukan kashe ƙarfin wuta. Irin waɗannan akan zuba su cikin rufaffen tanki inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta su ruɓar da su cikin 'yan makonni, su fitar da iskar gas wadda fiye da rabinta metan ne. Wannan iska ana dafa abinci da ita, ana kuma tayar da janareto da ita. Abin da ya saura a tankin taki ne mai kyau. Wannan hanya ba ta bukatar kuɗi mai yawa kamar tanderu, saboda haka ta fi dacewa da ƙaramin tsibiri, ko ma masauki guda ɗaya.

WURAREN DA AKA GWADA

Tsibirin Oahu. Wannan tsibiri yana jihar Hawai ta Amurka, a nan ne kuma birnin Honolulu yake. A shekarar 1990 aka buɗe ma'aikatar da ake kira H-POWER, aka ƙara mata tanderu na uku a shekarar 2012. Tana iya ƙona har tan 3,000 a rana, wutar da take bayarwa kuwa takan kai kusan kashi 10 cikin 100 na bukatar tsibirin.

Tsibirin Man. Yana tsakanin Ingila da Ailan. Ma'aikatarsa da ke kusa da garin Douglas ta fara aiki a shekarar 2004, an kuma gina ta don ta ƙona tan 60,000 a shekara. Ita ma wutarta takan kai wajen kashi 10 cikin 100 na abin da tsibirin yake sha.

Bamuda. A Tekun Atlantika take, ƙasarta kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. An buɗe ma'aikatar Tynes Bay a shekarar 1994. Mutanen Bamuda sukan cuɗa tokar da siminti su yi manyan tubala, su jera su a gefen teku kusa da filin jirgin sama don cike ruwa.

Saint Barthelemy. Ƙaramin tsibiri ne na Faransa a yankin Karebiyan, mai fama da ƙarancin ruwan sha. Tun shekarar 2001 ake tura tururin tanderun shararsa zuwa injin da yake raba ruwan teku da gishiri. A nan shara ta zama sanadin ruwan sha.

Singafo. Ta fara ƙona shara a ma'aikata tun shekarar 1979. A shekarar 1999 ta buɗe jujin Semakau, wanda aka gina cikin teku ta hanyar kewaye ruwa da katangar dutse mai shimfiɗar da ba ta yoyo. Can ake kai toka cikin jiragen ruwa. Duk da haka hukumomin ƙasar sun yi ƙiyasin zai cika wajen shekarar 2035. Wannan ya nuna cewa ko an ƙona shara, ba a rabu da bukatar juji ɗungum ba.

LABARIN TILAFUSHI

Ya kamata mu ɗan tsaya kan ƙasar Maldibs, don labarinta ya tattara dukan abin da aka faɗa. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, waɗanda mutane suke zaune a kan ƙasa da 200 daga cikinsu, kuma yawancin ƙasar ba ta fi mita ɗaya da rabi bisa teku ba. An buɗe masaukin baƙi na farko a shekarar 1972. Kafin shekara ashirin ta cika, sharar Male, babban birnin ƙasar, ta rasa wurin zuwa.

A shekarar 1992 aka fara zuba shara cikin wani tafki marar zurfi da ke tsakiyar murjani, kimanin kilomita 7 yamma da Male. Ana zubawa ana rufewa da yashi, har wurin ya zama tsibiri sosai, wanda ake kira Tilafushi. Sharar birni da ta masaukai duk can jiragen ruwa suke kai ta. Da ta yi yawa sai aka shiga cinna mata wuta a fili, hayaƙi ya riƙa tashi dare da rana, ana hango shi daga birni da masaukan da ke kusa. Leburorin da suke aiki a wurin, yawancinsu baƙi daga wasu ƙasashe, su suka fi shaƙar wannan hayaƙi. A ƙarshen shekarar 2011 abin ya kai har hukumar birnin ta dakatar da kai shara na ɗan lokaci, saboda ta malala cikin teku.

A shekarar 2020 Bankin Raya Asiya da wasu masu ba da rance suka amince da ba da kuɗin gina ma'aikatar ƙona shara a Tilafushi. An ƙiyasta aikin zai ci kimanin dala miliyan 150, an kuma tsara ma'aikatar ta ƙona tan 500 a rana, ta ba da rarar wuta megawat 8. A shekarar 2021 hukuma ta ba da sanarwar an daina ƙona shara a fili a tsibirin, an kuma hana waɗansu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Abin lura a nan shi ne, shekara kusan talatin aka yi ana ɗage matsalar, kuma kowace shekara kuɗin gyaranta ƙaruwa yake yi.

HATTARA DA GINA ABIN DA YA FI ƘARFIN BUKATA

Tanderun shara ba kamar murhun gida ba ne da za a kashe da dare a hura da safe. Ana so ya yi ta ci ba tsayawa, kuma kamfanin da ya zuba kuɗinsa yakan nemi tabbacin ba za a bar shi da yunwa ba. Daga nan wata matsala take ɓullowa.

Tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, a Bahar Rum, yana karɓar baƙi fiye da miliyan 10 a shekara, mafi yawansu lokacin zafi. Ma'aikatarsa ta Son Reus, kusa da birnin Palma, ta fara aiki a shekarar 1997, daga baya aka faɗaɗa ta har ta iya ƙona fiye da tan 700,000 a shekara. Lokacin sanyi kuwa, idan baƙi sun watse, sai shara ta kasa. Daga shekarar 2013 aka shiga shigo da shara daga wajen tsibirin cikin jiragen ruwa don a ciyar da tanderun. Jama'a suka yi ta ƙorafi, har aka dakatar da shigowar.

A Honolulu ma yarjejeniyar da aka ƙulla ta wajabta wa hukumar birnin ta kawo tan 800,000 a shekara, in ta gaza ta biya diyya, kuma an yi shekarun da ta biya. Illar irin wannan yarjejeniya ita ce tana sanyaya gwiwar hukuma wajen rage shara, tun da ragewar tara za ta jawo mata.

SHARUƊƊAN DA TILAS A CIKA

Kafin wata hukuma ta sa hannu a kan kwangilar irin wannan ma'aikata, wajibi ne ta tabbatar da abubuwa shida:

1. A auna sharar shekara guda cur, lokacin baƙi da lokacin da babu su, rani da damina. Wata jagora da Bankin Duniya ya fitar a shekarar 1999 ta ba da shawarar kada sharar da za a ƙona ta gaza tan 50,000 a shekara.

2. A san irin sharar. Idan ruwa da ƙasa sun yi mata yawa ba za ta ci da kanta ba, sai an taimaka mata da mai, ribar kuwa ta tafi ke nan.

3. A tabbatar da kuɗin tafiyarwa. Kuɗin sayar da wuta shi kaɗai ba ya riƙe ma'aikata. Dole masu masauki da magidanta su biya kuɗin kwashe shara.

4. A horar da 'yan ƙasa, a kuma tanadi kayan gyara. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, kuma ƙaramin abu in ya lalace yakan tsayar da aiki har sai jirgi ya kawo wani.

5. A tanadi wurin toka. Ƙurar da jakunkunan tacewa suka kama dafi ce tsantsa, tilas a binne ta a rami mai shimfiɗa inda ruwa ba zai kai gare ta ba.

6. A sa hukuma mai zaman kanta ta riƙa auna hayaƙin, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon.

Har ila yau, a sani cewa roba daga man fetur ake yin ta. Ƙona ta, ko da cikin ma'aikata mafi tsabta, yana ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya, ɗumamar da take sa teku ya riƙa cin waɗannan tsibirai. Saboda haka masana suka jera matakai bi da bi: a fara da rage shara tun daga tushe, sai sake amfani da abin da zai sake amfanuwa, sai narkar da ƙarfe da kwalba da roba a yi sabon abu, sai mayar da ragowar abinci taki ko iskar gas. Abin da ya saura bayan duk wannan shi ne rabon tanderu.

ABIN DA YA SHAFE MU

Nijeriya ba tsibiri ba ce, amma manyan biranenmu sun fara ɗanɗana irin wannan ƙunci, domin gidaje sun cim ma jujin da dā yake bayan gari. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko da ma'aikata ko babu, akwai abin da kowane magidanci zai iya yi tun yau:

Kada a ƙona leda, ko roba, ko tsohuwar taya a cikin gida ko a bakin titi.

A ware ragowar abinci daban, a ba dabbobi ko a yi taki da shi.

A ware ƙarfe da gwangwani da kwalba da robar ruwa, a sayar wa masu saye.

Kada a zuba toka mai wuta, ko yashin shara, ko batir, cikin mazubin shara.

A tafi kasuwa da jaka ko kwando, a rage karɓar leda.

Idan an je shaƙatawa bakin teku, ko bakin kogi, ko gandun namun daji, a komo da sharar da aka je da ita.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya taimaka ya bayyana wa iyalinsa da maƙwabtansa abin da ke ciki, musamman waɗanda ba su sami damar karantawa ba.